Yadda Muka Gano Gidajen Abinci Masu Sauƙin Kuɗi da Girki Irin na Gida a Istanbul

Duk wanda ke shirin zuwa Istanbul saro kaya daga ƙasar Hausa yakan haddace sunayen unguwannin Laleli da Aksaray da Merter da Osmanbey tun kafin ya hau jirgi, kuma abokan sana'a sukan haɗa shi da wakilin kago da otal ɗin da 'yan uwa suka saba sauka, amma da wuya a sami wanda zai zaunar da shi ya yi masa bayanin inda zai ci abinci. Na yi wannan tafiya a shekarar 2024 tare da kawuna, wanda ya daɗe yana sayar da tufafi a Kano, kuma yana fama da gyambon ciki, har likita ya hana shi soye-soye da abinci mai yawan maiƙo. Saboda haka cin abinci ya zame mana babban al'amari tun daga ranar farko, domin ba ƙoshi kaɗai muke nema ba, muna neman dafaffen abinci mai romo wanda cikin dattijo zai karɓa, a farashin da ba zai taɓa jarin da muka zo da shi ba. Na rubuta abin da ya gudana daki-daki ne domin wanda zai zo bayanmu ya huta da 'yan kame-kamen da muka yi.

Mun sauka a sabon filin jirgin saman Istanbul da asuba, muka canza dala kaɗan a nan, gwargwadon abin da zai kai mu gari, saboda an faɗa mana cewa shagunan canji na cikin gari, waɗanda ake rubuta wa Döviz a ƙofa, sun fi ba da farashi mai kyau, kuma haka muka tarar. Motar Havaist, wato bas ɗin filin jirgi, ce ta kai mu Aksaray, inda muka sayi katin shiga motocin haya da ake kira Istanbulkart a wata na'ura da ke tashar jirgin ƙasan da ke bin tsakiyar titi, muka zuba masa kuɗi. Na ambaci wannan kati ne domin daga baya shi ya buɗe mana hanyar zuwa unguwannin da abinci ke da araha, tunda da shi ake shiga jirgin titi da na ƙarƙashin ƙasa da bas da jirgin ruwa. Otal ɗinmu a Laleli yana ba da karin kumallo a cikin kuɗin ɗaki, wato burodi da cuku da zaitun da tumatir da kokwamba da dafaffen ƙwai da shayi, don haka safiya ba ta ba mu wahala ba. Daga azahar zuwa dare ne aikin yake.

A farkon zuwanmu abin da ido ke gani muka ci, wato döner, naman nan da ake gasawa a tsaye ana yankawa siri-siri ana cusawa a burodi, tare da soyayyen dankalin Turawa. Yana da daɗi, kuma yana ko'ina a kan babban titin da ya ratsa Laleli, sai dai bai daɗe ba ya tayar wa Kawu da ciwonsa, ya kwana yana juyi. Da muka je ziyara wajen masallatan unguwar Sultanahmet, wani mai kiran baƙi da ke tsaye a ƙofar wani gidan abinci ya tare mu da sallama da fara'a, ya nuna mana littafin abinci mai hotuna da rubutu cikin harsuna da dama, ya ce akwai miya da shinkafa. Muka shiga muka zauna, kafin mu ce komai aka jera mana ƙananan faranta na kayan marmari da burodi mai kumburi da gorunan ruwa, muka ɗauka karramawar baƙo ce. Da aka kawo takardar lissafi sai muka ga an saka kuɗin kowane ɗaya daga cikinsu, an ƙara da wani abu da aka rubuta kuver, wanda kuɗin zama kan tebur ne da ake cajin kowane mutum a lokacin, sannan ga kuɗin hidima a ƙasa. Abin da muka biya a wannan zama ya isa ya ciyar da mu kwana biyu a wuraren da muka gano daga baya. Kawu bai ce uffan ba a wurin, sai da muka fito ya dube ni ya ce, “Yaro, idan haka za mu riƙa ci, ribar tafiyar nan a faranti za ta ƙare.” Maganar ta tsaya mini a rai ƙwarai, domin ni ne aka ɗora wa alhakin kula da shi.

Mataki na gaba shi ne gidajen abincin 'yan Afirka da ke lungunan Aksaray da Kumkapı, inda wani ɗan Najeriya mai aikin kago ya raka mu. Yawancinsu a saman bene suke, ba su da wata alama a waje, sai wanda ya san ƙofa. A can mun sami shinkafa dafa-duka da miyar agushi da tuwon semo, zuciya ta yi sanyi da jin ɗanɗanon gida da kuma jin ana magana da harsunan da kunne ya saba. Amma farashinsu ba na kullum ba ne, kuma dalilin a bayyane yake, domin manja da agushi da busasshen kifi duk daga nesa ake kawo su. Ga shi kuma miyar ta yi wa Kawu yaji da mai. Muka ajiye su a matsayin wurin zuwa idan kewar gida ta taso, muka ci gaba da nema.

Na tambayi ma'aikacin karɓar baƙi na otal inda za mu sami abinci mai kyau, ya kwatanta mana wani babban gidan kebab, wato gasasshen nama, wanda da na leƙa na ga irin wurin da ake kai baƙon da ake son burgewa ne. A nan na fahimci cewa idan baƙo ya tambayi Baturke abinci mai kyau, zai tura shi inda yake ganin ya dace da darajar baƙo ne, ba inda shi kansa yake ci ba. Wanda ya warware mana matsalar wani ɗalibi ne ɗan Damagaram da ke karatu a ɗaya daga cikin jami'o'in birnin, yana kuma yi wa 'yan kasuwa tafinta idan ba shi da darasi. Da na koka masa sai ya ce, “Yaya, ai tambayar ce za ka sauya. Ka tambayi yaron shago ko ɗan dako inda yake cin abincin rana, ka bi shi.” Ya bayyana mana cewa akwai gidajen abinci da ake kira esnaf lokantası, waɗanda aka kafa domin masu shaguna da teloli da leburori da ma'aikatan ofis da ba sa iya komawa gida da rana, kuma girkinsu shi ne irin wanda ake yi a cikin gidajen Turkawa. Ya rubuta mini a takarda kalmomin da zan riƙa dubawa a jikin allunan shaguna, wato Lokanta (gidan abinci) da Ev Yemekleri (girkin gida) da Sulu Yemek (abinci mai romo), ya ce kada in neme su a bakin babban titi, in shiga lungu na biyu ko na uku.

Washegari da misalin ƙarfe goma sha biyu da rabi muka bi wani yaron shagon da muke sayen rigunan yara a wurinsu, ya ratsa da mu ta bayan manyan shagunan Laleli, ta lungunan da 'yan dako ke tura amalanke cike da diloli naɗe da baƙar leda, har zuwa wata ƙofa mai gilashi da tururi ya lulluɓe. Da shigarmu muka tarar da doguwar kanta mai gilashi, a bayanta an jera manyan tiren ƙarfe a kan ruwan zafi, kowanne da kalar abincinsa, ga kuku sanye da farar riga riƙe da ludayi yana cewa “Buyurun”, wato bismillah, ga duk wanda ya matso. Babu littafin abinci, babu hotuna, abin da aka dafa a ranar shi ne a gabanka. Akwai miyar jan adas, wani ɗan ƙanƙanin wake, da suke kira mercimek, akwai farin wake cikin romon tumatir, akwai kuɓewa ƙanana da aka dafa ɗungurungum da nama da lemun tsami ba tare da ta yi yauƙi ba, akwai dogon baƙin gauta da aka tsaga cikinsa aka cusa niƙaƙƙen nama, akwai kaza da dankali da karas cikin romo, akwai ɗanyen wake dafaffe da man zaitun, sannan a gefe ga farar shinkafa da aka dafa da man shanu da 'yar siririyar taliya, da kuma ɓarzajjiyar alkama da suke kira bulgur. Yaron ya nuna abin da yake so da yatsa, mu ma muka yi yadda ya yi. Na nuna wa Kawu miyar adas da kaza mai romo da shinkafa, ni kuma na ɗauki wake da kuɓewa, kukun ya zuba kowanne a ƙaramin farantinsa, wani ma'aikaci ya kwaso ya biyo mu da su.

Babu tebur da ba kowa, sai aka nuna mana kujeru biyu a teburin wasu mutum biyu da ke cin abinci da kayan aiki a jikinsu, ɗaya da zaren awo rataye a wuya. Suka ɗago kai suka ce “Afiyet olsun”, wato a ci lafiya, suka turo mana kwandon burodi, suka ci gaba da cin abincinsu. Burodin kyauta ne, kuma da zarar ya ragu ake ƙarowa. A tsakiyar tebur akwai gishiri da yankakken lemun tsami da ɗan kwanon dakakken jan barkono da suke kira pul biber, wanda ƙamshinsa ya fi zafinsa yawa. Na zuba wa Kawu ido lokacin da ya matsa lemun tsami kaɗan a miyar adas ya kai cokalin farko baki, ya yi shiru, ya ƙara na biyu, sannan ya gutsuri burodi ya fara dangwalawa, har ya share kwanon tas. Tun da muka baro Kano ban ga ya ci abinci da natsuwa irin ta wannan rana ba, kuma a daren ya yi barci bai farka ba. Da muka gama ba a kawo mana takarda kan tebur ba, mun je wurin mai karɓar kuɗi da ke zaune kusa da ƙofa, ma'aikacin ya faɗa masa abin da muka ci daga inda yake tsaye, ya buga lissafi ya ba mu rasit. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da muka biya a Sultanahmet ba, kuma har da shayi a ƙananan kofunan gilashi, wanda mai gidan ya ɗaga hannu ya nuna cewa shi ya ba mu.

Bayan wannan ne muka koyi cewa lokaci yana da muhimmanci kamar wuri. Wata rana ciniki ya riƙe mu a Merter, ba mu dawo ba sai bayan la'asar, muka tarar da rabin tiren gidan abincin babu komai, sauran kuma sun fara bushewa, ma'aikata na ɗora kujeru a kan tebura. Waɗannan gidaje da sassafe suke ɗora tukwane, abinci yakan sauka kafin azahar, kuma idan ya ƙare ba a sake wani girki sai gobe. Daga sha biyu zuwa ƙarfe biyu ne ake samun komai da zafinsa, duk da cewa a lokacin ne cunkoso ya fi yawa, amma layin yana tafiya da sauri tunda kowa aiki zai koma. Muka mayar da abincin rana ya zama babban cinmu na yini, muka riƙa tsara zuwa shaguna yadda azahar za ta same mu kusa da ɗaya daga cikin gidajen. Ɗalibin nan ya kuma koya mini in riƙa cewa “az” idan ina son rabin faranti, kuɗinsa kuma ƙasa da na cikakke, ta haka mutum zai iya haɗa kala uku a kan kuɗin da bai wuce na biyu ba. Wannan ya yi wa Kawu amfani sosai, domin likita ya ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan.

Ranar Juma'a muka hau tudu zuwa masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Mimar Sinan ya gina wa Sultan Sulaiman aka kammala a shekarar 1557. Daga Laleli da ƙafa ake zuwa, sai dai hawan yana da wuya ga dattijo, don haka muka fita da wuri muna tafiya muna hutawa. A daura da harabar masallacin akwai jerin gidajen abinci a cikin tsofaffin gine-ginen dutse, waɗanda suka shahara da abu ɗaya, wato kuru fasulye, farin wake da ake dafawa a hankali har ya yi laushi ba tare da ya farfashe ba, cikin jan romo mai man shanu, a ɗora busasshen barkono guda a kai, a ci da shinkafa da kayan lambu masu tsami da suke kira turşu. Matsayin wannan haɗi a wurin Turkawa kamar matsayin shinkafa da wake ne a Kano, abincin da mai kuɗi da talaka duk suka taso da shi. Bayan an sallame salla wurin yakan cika maƙil, mun ɗan tsaya jira kafin kujera ta samu. Farashin ya ɗan ɗara na lungunan Laleli saboda sunan da wurin ya yi, amma har yanzu bai kusanci na gidajen masu yawon buɗe ido ba, kuma a ganina ya cancanci a je ko da sau ɗaya ne. Man shanun ya ɗan yi wa Kawu yawa, sai ya haɗa da cacık, wato kindirmo tsinkakke da aka yanka wa kokwamba, ya ce ya kwantar masa da ciki.

Mun kuma je ganin wani tsari na daban da ɗalibin ya ba mu labari, wato Kent Lokantası, gidajen abinci da hukumar birnin Istanbul ta fara buɗewa a shekarar 2022, na farkonsu a unguwar Çapa, wadda jirgin titi ke bi ta cikinta daga Aksaray. Ana ba da abinci kala huɗu a tire ɗaya a kan farashi guda, wanda ya fara daga lira 29, a lokacin zuwanmu kuma lira 40 ne, abin da ko kwanon miya ba zai saya ba a wurare da yawa. Mun isa kafin a buɗe, amma layi ya riga ya miƙe a gefen titi, kuma da na dubi waɗanda ke cikinsa sai na ga galibi tsofaffi ne 'yan fansho da ɗalibai da ma'aikata masu ƙaramin albashi. Kawu ya tsaya yana kallonsu, sannan ya ce mini a hankali, “Wannan rabon masu gari ne da tsadar rayuwa ta matsa wa. Mu da Allah Ya hore wa abin saye, mu bar musu.” Muka juya. Ba wanda ya hana mu shiga layin, amma na yarda da hukuncinsa, domin abincin yana da iyaka a kowace rana, kuma ɗan kasuwar da ya zo da dala bai kamata ya tsaya a gaban ɗan fansho ba. Ga ɗalibanmu da ke karatu a can kuwa, wuri ne da ya dace su sani.

Wannan layi ya sa na ƙara fahimtar abin da ya sa ba zan rubuta farashin kowane faranti a nan ba. Hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin ɗari a watan Oktoba na 2022 bisa alƙaluman hukuma, kuma a 2024 ma ba ta sauka ƙasa sosai ba, har za ka ga an liƙa sabuwar takarda a kan tsohon farashi a jikin allo. Duk adadin da na rubuta yau zai iya ɓatar da mai karatu nan da 'yan watanni. Abin da bai canza ba shi ne tazarar da ke tsakanin gidan abincin ma'aikata da na baƙi. Tun daga farkon 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci su kafa jerin farashinsu a ƙofar shiga da kan tebura, don haka mutum yana da damar tsayawa ya karanta kafin ya zauna, kuma babu abin kunya a tambayi “Ne kadar?”, wato “Nawa ne?”, ana nuna tire da yatsa. Abincin da ke da nama ya fi na ganye da wake tsada nesa ba kusa ba, kuma gorar ruwan da ke kan tebur ana lissafa ta idan an buɗe.

Kusa da ƙarshen zamanmu muka hau jirgin titi zuwa Eminönü, muka shiga jirgin ruwa da katinmu muka haye mashigin Bosforus zuwa Üsküdar, ɓangaren Asiya na birnin, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. A can akwai Kanaat Lokantası, wanda ke aiki tun 1933, mai faɗin zaure da tire masu yawan da ido ba ya iya ƙirgawa a kallo ɗaya, har da ɓangaren kayan zaƙi inda muka sha sütlaç, shinkafa da madara da aka gasa samanta. Irin waɗannan tsofaffin gidaje masu suna girkinsu na gida ne, amma kuɗinsu ya fi na ƙananan lunguna, saboda haka wurin zuwa ne ranar hutu, ba na kowace azahar ba. A lungunan kasuwar Üsküdar ɗin kanta mun ga ƙananan gidajen abinci da dama da farashinsu ya yi ƙasa da na ɓangaren da muka sauka, ga wanda ke da lokacin hayewa.

Dare da ranar Lahadi su ne suka rage, domin yawancin gidajen abincin ma'aikata ba sa kaiwa dare, da yawa kuma ba sa buɗewa ran Lahadi tunda shagunan da suke ciyarwa a rufe suke. Da dare mun dogara ne da masu sayar da miya, waɗanda ake rubuta wa Çorbacı, wasunsu ma kwana suke yi a buɗe. Ban da miyar adas da ta kaza, suna da ta tumbi da kuma ta kai da ƙafa, wadda suke kira kelle paça, ana ba da ita da ruwan tafarnuwa da ruwan tsami a gefe, kuma kwano ɗaya da burodi ya isa abincin dare. Akwai kuma masu tura 'yar amalanke mai gilashi suna sayar da shinkafa da wani irin wake da suke kira nohut da yagaggiyar kaza a kai, wanda ni na riƙa ci tare da ayran, nono tsinkakke mai ɗan gishiri. Ranar Lahadi kuwa gara mutum ya nufi unguwannin da jama'a ke zaune, kamar kewayen masallacin Fatih, maimakon unguwannin sari da suke zama shiru.

Game da halascin nama, hankalinmu a kwance yake a waɗannan gidaje, kuma ban ga giya a ko ɗaya daga cikin waɗanda muka shiga ba, ga wanda kuma yake son tabbaci, wasu kan rubuta İçkisiz a ƙofa don nuna cewa ba a sayar da ita. Hajiyoyinmu masu zuwa sari, waɗanda zama a tebur ɗaya da baƙin maza zai yi musu nauyi, su duba rubutun Aile Salonu, wanda ke nuna akwai ɓangaren iyali, galibi a saman bene, ko kuma su ce “paket” a zuba musu a roba su tafi da shi masauki. Girkin Turkawa na gida ba shi da yaji irin namu, ya fi karkata ga tumatir da albasa da man shanu da lemun tsami, don haka wanda bakinsa ya saba da zafi ya sako ɗan ƙullin yajinsa a jaka tun daga gida, ba wanda zai hana shi barbaɗawa a kan wakensa. Yawancin gidajen suna karɓar kati, amma ƙananan cikinsu sun fi son tsabar kuɗi, saboda haka yana da kyau a riƙe canjin lira a aljihu kafin a shiga layin kanta.